Maganin Gwiwar Inna Zulai

Dallatu ya tsaya cak a ƙofar gidansu a Ushafa. Mahaifiyarsa ce, Inna Zulai, ke saukowa daga kan dutse, ba sanda, ba ɗingishi.

Wata biyu ke nan da ya kawo mata busasshiyar laimar kwaɗi ta China, ja mai tauri kamar katako, saboda ciwon gwiwa ya kusa raba ta da ginin tukwane.

"Inna! Kin ga aikin maganina? Kullum kike dafawa?"

"Dafa me? Sau ɗaya na kurɓa, ɗaci ya kusa kai ni lahira."

"To ina yake?"

Ta nuna tukwanenta masu sheƙi. "Da shi na riƙa goge su, masu saye har rububi suke. Da ya ƙare, sai na tuna irinsa na fitowa a kututturen bayan dutse. Kullum da safe nake hawa nema."

Dallatu ya dubi dutsen, ya dubi gwiwar, sannan ya dubi sabon kwalin maganin da ke hannunsa.

Inna ta fizge. "Kawo, ɗan albarka. Yau na huta da hawan dutse!"