Tsinke zuwa Tsinke

Ƙaryar da aka yi don tausayi, ita ma zunubi ce? Har yau ban sami amsa ba.

Wata biyu da rasuwar Mama, Baba bai sani ba. Yana asibiti lokacin, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na ce masa ta tafi Nagasaki jinyar ƙanwarta.

Ranar da aka sallame shi ya ce nama yake marmari. Muka je gidan gashin da shi da Mama suka saba zuwa a unguwar Tsuruhashi. Ya jera yankan harshen saniya a kan garwashin tsakiyar tebur.

"Tatsuro, har ka yi furfura ba ka iya gashi ba. Uwarka ce ta ɓata ka."

Na yi dariyar dole.

Ya ɗauki yanka ɗaya da tsinkayen cin abincinsa, ya miƙo mini. "Karɓa da naka."

"Haba Baba, sa a faranti mana! Ƙashin mamaci kaɗai dangi ke miƙa wa juna tsinke zuwa tsinke, bayan an ƙone gawa."

"Ni za ka koya wa?" Bai sauke hannunsa ba. "Shekara arba'in da ɗaya da aurenmu, uwarka Fumie ba ta taɓa kwana ba ta ji muryata ba. Ka hana ni ɗaukar ƙashinta, ɗana. Bar ni in yi ko da wannan."

Kitse na ɗiga cikin wuta. Na miƙa tsinkayena, muka riƙe tare.