Tafina a Bangon Shagon Goro

Ina 'yar shekara bakwai na kai wa Baba abinci tsohon shagon goro na bakin kasuwar Wudil, inda yake yaɓe. Ƙasar ɗanya ce, tana ƙamshin makuba. Ban san lokacin da na danna tafina a bango ba.

Mai shagon ya daka mini tsawa: "Ke! Kin ɓata aiki!"

Baba ya ɗaga ni sama, ya nuna mini wani tsohon shatin hannu kusa da azara. "Na kakanki ne, shi ya gina nan. Alhaji, a bar nata ma."

Yau wayoyi ake sayarwa a shagon, maƙwabtansa duk sun koma bulo. Jiya na shiga, ban sayi komai ba. Hannayenmu biyu suna nan.