Bayan Allurar Gwaji

"Ba mu ga ƙwayar cutar ba," in ji likitar, tana sake duba sakamakon jininsa. "Allurar da muke gwadawa ta tashi garkuwar jikinka daga barci. Amma za mu ci gaba da sa ido."

Tun haihuwa ƙwayar ciwon hanta take zaune a jikinsa, ya saba da ita kamar 'yar gida.

Ya kira matarsa ya faɗa mata. Ta ja hanci, ta ce, "To maigida, uzuri ya ƙare. Sai a gyara rufin nan."

A shagon kwanon rufi aka tambaye shi, "Na lallaɓawa, ko mai shekara talatin?"

Ya daɗe tsaye yana kallon kwanon. Bai taɓa zaton wannan tambayar za ta shafe shi ba.