Jan Idon da Ya Kusa Hana Aure

Tun da Auta ta gaya masa babanta ya ga hotonsa ya ce a'a, Mai Hoto bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Idanunsa ne suka fito jajir a hoton, tsohon kuwa ya rantse ba zai ba ɗan shaye-shaye 'yarsa ba.

Yau ga shi zaune a ƙasa a falon su Auta, kwamfuta a cinya, gumi na bin ƙeyarsa. Auta na bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Baba, hasken kyamara ne ya daki ƙwayar idon," ya ce. Ya zagaye jan idon a hoton da ke kwamfutar, ya danna, ido ya koma baƙi.

Tsohon ya gyara zama. "To! Ashe aibu ma da yatsa ɗaya kake goge shi. Me kuma ka goge wanda ban gani ba?"

Karatun digirinsa kaf ya gudu daga kansa. Ya dubi Auta, ta harare shi kamar ta ce ka kashe mu. Sai ta tako, ta zaro kyamara daga jakarsa, ta saki labule.

"Baba, kalle ni."

Haske ya walƙa. Ta miƙa masa kyamarar. Ga Baba nan a hoto, idanu kamar garwashi.

Tsohon ya ƙura wa hoton nasa ido.

"Kai yaro," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa, "goge wannan kafin uwarta ta gani. In ka gama, ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."

Auta ta toshe dariyarta da mayafi. Shi kuwa tsabar ɗoki, saura ƙiris ya goge wa surukinsa gira.