Ƙodar da Na Ba Auta

"Ga ta nan, ita ce ta ba shi ƙodarta," Mama ke faɗa wa masu gaisuwar rasuwa, tana riƙe da hannuna. Duk wanda ya shigo sai ya sa min albarka. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan aikin dashen ƙodar, Autanmu ya murmure, har ya koma kan kekensa na ɗinki. Kullum da safe sai na kira shi: "Auta, ka sha maganinka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, wallahi ƙodarki ta fi ki haƙuri." Maganin ne ke kwantar da garkuwar jikinsa don kada ta yaƙi ƙodar.

Sai ciwon daji ya ɓullo, ya cinye shi muna ji muna gani.

Jiya likitansa ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa.

"Ciwon nan ba a jikinsa ya fara ba. A cikin ƙodar ya zo."

"Likita, ni fa lafiyata ƙalau!"

"Garkuwar jikinki ce ta danne shi shekara da shekaru. Ba ta kashe shi ba, ta dai hana shi motsi, shi ya sa ko a hoto bai fito ba. A jikin ƙaninki kuwa babu mai danne shi."

Yanzu a ɗakin gaisuwar, Mama ta ƙara matse hannuna. "Allah ya saka miki da irin abin da kika ba shi, 'yar albarka."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.