Ɗantala Ya Daina Ɗanɗana Tabarsa

Tun azahar Liti yake tsugune a bayan wata kuka, a hanyar da ta tashi daga kasuwar Rogo zuwa Fulatan, da kulki a hannu. Ɗantala mai taba yake jira, kuma ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

Yayansa Sulle yana kwance a Ruwan Bago, wata na bakwai ke nan. Abin ya fara da ɗan farin tabo a cikin kunci, daidai inda yake ajiye tabarsa. Tabo ya zama miki, miki ya ci nama har ya hudo waje. Mutumin da yake tashi da ƙwaryar tuwo shi kaɗai, yau sai matarsa Lauratu ta ɗura masa kunu da ludayi, rabi ya wuce, rabi ya biyo ta hujin. Sulle ne ya riƙe Liti tun rasuwar ubansu, shi ya yi masa aure. Liti ba zai naɗe hannu yana kallo ba.

Sun kai shi disfensare a Karaye, a kan jaki. Malamin asibiti, wanda ya yi aiki da likitan Turawa a Kano, ya leƙa bakin ya ce ciwon daji ne. Ya ce ya sha ganinsa wurin masu wuni da taba da kanwa a kunci shekara da shekaru, kuma wannan ya wuce magani. Liti ya ja tsaki. Magidanta nawa ne suke cin taba a ƙasar nan, don me sai Sulle? Wani mai magani a Tudun Kaya ya faɗa masa abin da ya fi shiga kunne: sammu ne aka ba shi ta baki, kuma wanda ya yi aikin, makarin yana jikinsa, ba ya rabuwa da shi.

To, ai wannan ba sai an buga ƙasa ba. Shekara ashirin Sulle bai sayi taba a hannun kowa ba sai Ɗantala. Bara waccan kuma suka yi shari'a a kan wata fadama, alƙali ya ba Sulle. Ga kuma babbar shaida. Abin da ya sa Ɗantala ya yi suna a kasuwa shi ne, kafin ya auna maka, sai ya ɗebi kaɗan a gabanka ya jefa a baki, ka ga babu cuta a ciki. Har tsokanarsa ake yi, wai rabin hajarsa a kuncinsa take ƙarewa. Amma tun wajen lokacin shari'ar nan ya daina. Ya ja amawali har hanci sai ka ce wani basarake, ya rage magana, ya bar zama cin tsire da 'yan rumfarsu. Mutum ya ƙi sa wa bakinsa abin da yake sayar wa jama'a? Wallahi da walakin.

Liti ya san abin da zai biyo baya: dogarai, ankwa, gidan yarin Kano, wataƙila ma abin da ya fi haka. Bai dame shi ba, in dai Sulle zai tashi.

Da la'asar sakaliya Ɗantala ya ɓullo shi kaɗai, yana kora jakinsa a hankali. Ya rame ƙwarai, riga tana yawo a jikinsa. Liti ya ce a ransa, alhaki ne yake cin sa. Ya fito ya tare hanya, ko sallama babu.

"Makarin za ka ba ni."

Ɗantala ya tsaya. Maganarsa ta fito a dunƙule daga bayan amawali, da ƙyar ake ji. "Liti, ƙanena, yaya jikin Sulle?"

Tambayar nan ita ta ƙarasa tunzura Liti. Ya ɗaga kulki ya sauke masa a gwiwa, ƙashi ya ce ƙas. Ɗantala ya zube, jaki ya zabura, mangala ta kife, garin taba ya watse a hanya. Liti ya ƙara masa a haƙarƙari, ya sake ƙarawa. Abin da ya fi ba shi haushi, mutumin bai kare ciki ba, bai kare kai ba, hannu biyu ya sa ya danne amawalin rawaninsa kamar har yanzu girma yake nema. Ko ihun kirki bai yi ba, sai gurnani.

Liti ya hau ƙirjinsa da gwiwa ya shiga laluben riga. A hammata ya ji wani ɗan tandu rataye da igiya. Ya tsinke shi ya buɗe, sai ga wani baƙin gari, saura kaɗan ya ƙare. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ga shi nan, yadda aka faɗa masa, ba ragi.

"Sha ake yi ko shafawa?"

Ɗantala ya girgiza kai. "Ba ya yi," in ji shi. "Kada ka wahal da Sulle."

Har yanzu rowa? Har yanzu so yake Sulle ya mutu? Liti ya miƙe, ya riƙe kulki da hannu biyu, ya sauke shi a tsakar kai da iyakar ƙarfinsa. Jini ya jiƙa rawanin nan da nan. Hannuwan Ɗantala suka saki, suka faɗi a ƙasa.

Sai a lokacin Liti ya tuna bai ji yadda ake amfani da garin ba. Ya ga amawalin yana ɗan motsi, alamar da sauran magana a bakin. Ya durƙusa da sauri ya fizge shi don ya ji da kyau.

Warin da ya buso masa shi ne warin ɗakin Sulle. Kuncin Ɗantala na hagu babu shi, rami ne har ana ganin turamen haƙora, cushe da baƙin garin nan na tandu, kuma ya ninka na Sulle girma.