Ludayin Iri Daga Kan Katanga

Ka ce ka san halin mutumin nan sarai, amma kana ganin in ka jawo shi cikin sana'arka zama da kai zai gyara shi. To, gyara zama ka ji misali.

An yi wata mata a wani gari, gwanar kindirmo. Nata in ka soka ludayi a tsakiyar ƙwarya tsayawa yake yi, ga gardi ga ƙamshi. Sirrin kuwa iri ne: kullum takan rage ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau, haka yake tafiya tun tana amarya. Rannan ta je ƙauye jinyar mahaifiyarta, ta dawo ana jibi sunan jikanta na fari, ta buɗe 'yar ƙwaryar iri ta tarar da ita a wanke tas. Ashe maigida ne yunwa ta koro, ya dama fura da shi, har yana yaba mata wai bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, domin ta riga ta cika baki a gaban dangin mijin 'yarta cewa ranar suna za su sha kindirmon da ba za su manta ba.

Wuri biyu za ta iya samun iri. Akwai goggonta can hayin rafi, mai kindirmo irin nata, sai dai hanya da nisa, irin kuma da nawa, sai ya ga dama yake kamawa. Akwai kuma maƙwabciyarta, mace mai fara'a da kyauta, wadda nata yake kamawa kafin ka juya baya. Amma duk garin an san shi, tsaminsa har cikin kunne, in ya ɗan jima kuma sai ya tsinke, ruwa ya taso sama. Ita kanta gwanar ta sha yi masa dariya. Ta dubi aikin suna da ya sha mata kai, ta dubi rana, ƙafarta ta yi nauyi. Sai ta ce a ranta ai ludayi guda ne kacal, madararta kuwa ta safe ce, mai maiƙo, ƙoren nan nata ne, hannun ma nata ne, ina ludayi guda zai fi ƙarfin wannan duka? Ta leƙa ta kan katanga ta roƙa, maƙwabciya ta miƙo mata cike da ludayi tana murna.

Gwana ta tafasa madara, ta bari ta huce daidai yadda yatsa zai jure, ta zuba iri, ta rufe da faifai. Ba a jima ba ya kama, ta ji daɗi ƙwarai, har tana yi wa goggo tsiya a zuci. Safiyar suna ta ɗaga faifai, sai ga ruwa kwance a sama. Ta tsiyaye, ta zuba sukari, ta dama fura, tana fatan hayaniyar biki za ta rufa mata asiri. Kakar jariri ta wajen uba ce ta fara kai ludayi baki. Ta runtse ido ɗaya, ta haɗiye da ƙyar, sannan ta ce, “Ikon Allah. Hajiya, yaushe kika koma sayen nono a gidan maƙwabciyarki?” Tsakar gida ya ɗauki dariya, maƙwabciyar ma tana ciki, ta fi kowa ƙyaƙyatawa. Gwana ta ji kunya har ta rufe fuska da mayafi, daga baya ita ma dariyar ta ƙwace mata, don ta san ba wanda ya yaudare ta. Washegari da sassafe aka gan ta tana tsallaka rafi da 'yar ƙwarya a hannu.

Ka ga maƙwabciya ba ta yi laifi ba, abin da take da shi ta bayar, shi kuma iri halinsa ya yi. Saboda haka in ka kawo mutumin nan, kada gobe ka zo mini da kuka. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.